Littafin da Aka Nema a Yawuri

A ƙarshen watan Yuni na shekarar 1830 waɗansu Turawa biyu, wa da ƙane, suka sauka a Birnin Yawuri, wanda yanzu ya ke cikin ƙasar Ngaski. Sunan wan Richard Lander, ƙanen kuwa John. Gwamnatin Ingila ce ta aiko su don su bi Kwara su ga inda ta ke faɗawa teku. Amma da suka iso Busa, maimakon su gangara, sai suka ba teku baya, suka shiga jirgi suka yiwo sama. Abin da ya kawo su kuwa littafi ne.

Ga asalin maganar. Shekara 24 kafin nan, a 1806, zamanin Sarkin Yawuri Albishir ɗan Ayi, wani Bature mai suna Mungo Park ya gangaro Kwara daga ƙasar Bambara. Ya tsaya a Yawuri ya sallami jagoransa, Amadi Fatuma, gama alkawarinsu shi ne ya rako shi ƙasar Hausa. Da ya wuce, jirginsa ya maƙale a duwatsun Busa, aka yi faɗa, shi da mutanensa suka halaka a ruwa. Mutanen Ingila sun san Park mai rubuta abin da ya gani ne, saboda haka suka ƙwallafa rai ga littafinsa. An kuwa gaya wa Clapperton, wanda ya ratsa Busa a 1826, cewa littattafan suna hannun Sarkin Yawuri.

Tun a Busa an kawo wa su Lander wani babban littafi nannaɗe cikin ƙyalle. Suka buɗe suna ɗoki, sai suka tarar littafin ɗab'i ne na lissafin matuƙa jiragen teku, cike da lambobi. A tsakanin warƙoƙinsa akwai takardar kuɗin tela, da wata ta gayyatar cin abinci a Landan mai kwanan watan 1804. Irin waɗannan 'yan takardu su suka shaida littafin daga jirgin Park ya fito. Mai shi ya adana shi shekara da shekaru kamar laya, bai san harafi ko ɗaya a ciki ba, kuma da suka mayar masa ya yi murna ƙwarai. A Yawuri kuwa sun yi mako biyar suna jira, Sarki ya ce shi ba shi da wani littafi, suka koma hannu rabbana. Har yau ba a ga abin da Park ya rubuta a ƙarshen tafiyarsa ba. Wurin da ya mutu ma yana ƙarƙashin ruwa tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafki ya cinye tsohuwar Busa da gungu masu yawa, aka tashi mutum fiye da 40,000.

To, in babu littafin, ta ina duniya ta san yadda ya mutu? Ta bakin Amadi Fatuma. Amma Amadi bai je Busa ba. Ya ce an sa shi a mari a Yawuri wata uku, da aka sake shi ya ji labarin daga wani bawa wanda ya tsira daga jirgin. A 1810 ya gaya wa wani mutum mai suna Isaaco, wanda Turawa suka aiko cigiya daga Sanagal. Shi kuma ya rubuta da Larabci, aka juya da Turanci, aka buga a Landan a 1815. Ka ga hannu huɗu ke nan kafin labarin ya kai ga mai karatu. A faɗar Amadi, daga Yawuri aka tura mayaƙa suka tare jirgin, don an ɓoye kyautar da Park ya bar wa Sarki. A Busa kuwa wani labarin daban Lander ya ji, watau an zaci baƙin nan 'yan gaban rundunar Fulani ne, gama lokacin jihadi yana kan ganiyarsa. Abu ɗaya ne ya faru, ba a cika shekara 30 ba, ga shi an sami ruwaya biyu.

Ni aikina na akawu ne, kuma abin da aka fara koya mini a ofis shi ne kada in shigar da takarda cikin rajista sai na san wanda ya rubuta ta, da lokacin da aka rubuta ta, da hannun da ta biyo ta iso. Ku da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, yanzu babu takardar da za ta gagare ku karantawa, ta gaskiya da ta ƙarya. Lalle za ku gamu da masu cewa an ƙagi wannan littafin addini, ko an sauya wancan. Saboda haka na ga ya kamata in ba ku tarihin wannan gardama, gama tsohuwa ce ƙwarai, kuma malaman Musulmi da na Yahudu da na Nasara duk sun sa baki a cikinta.

Shi kansa Park ya taɓo bakin zancen. A tafiyarsa ta farko ya yi wata bakwai a wani gari Kamaliya, a ƙasar Mandingo, daga 1796 zuwa 1797, inda ya saba da wani malamin makarantar allo. Ya rubuta cewa malaman wannan ƙasa suna da Attaurar Musa da Larabci, wadda a kan sayar a kan kuɗin bawa ƙaƙƙarfa, da Zaburar Dawuda, da wani kuma da su ke kira Linjilar Isa. Wannan na ƙarshe sai ya ɗauka littafin Annabi Ishaya ne. Sunaye kawai ya kawo gida, kuma ka ga tun a sunan ya yi tuntuɓe. To, mece ce wannan Attaura da ta kai kuɗin bawa, wa kuma ya rubuta ta?

Attaurar da ke hannun Yahudu

Mu Musulmi mun yi imani Allah ya saukar wa Annabi Musa Attaura, a kan wannan babu saɓani a tsakaninmu. Gardamar a kan littafin da ke hannun Yahudu yau ta ke, wanda Nasara ma suka sa a farkon Littafi Mai Tsarki. Kashi biyar ne, da harshen Ibrananci: Farawa, Fitowa, Littafin Firistoci, Ƙidaya, da Maimaitawar Shari'a. An juya shi da Girkanci a Iskandariya a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Wani babban malamin Yahudu, Sa'adiya, haifaffen Fayum ta ƙasar Masar, wanda ya rasu a 942, ya juya shi da Larabci. Da Hausa kuwa yana cikin Littafi Mai Tsarki da aka buga a 1932.

Abin da Yahudu suka gāda shi ne Annabi Musa ya rubuta duka biyar ɗin. Amma tun da wuri malamansu suka lura da wata matsala, watau ƙarshen na biyar yana ba da labarin rasuwar Musa da binne shi. A cikin Talmud, babban littafin fiƙihunsu, an kawo ƙauli biyu. Wani ya ce Yusha'u ne ya rubuta ayoyi takwas na ƙarshe, wani ya ce Musa ne ya rubuta su yana hawaye, Allah yana yi masa shifta.

Cikin waɗanda suka fara bin littafin aya aya da idon mai bincike akwai wani malamin Musulmi, Ibn Hazmi na Ƙurɗuba a ƙasar Andalus, wanda ya rasu a 1064. Ya nuna wuraren da lissafin shekaru bai faɗa daidai ba. Ya ce Attaura ba ta yaɗu a hannun jama'a ba, a wurin limamai ta ke a ajiye, har Buhtunasar na Babila ya rushe Ƙudus ya kwashe Bani Isra'ila. Wannan rushewa ta auku wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa. A ganin Ibn Hazmi, bayan sun komo ne Uzairu ya yi musu shiftar littafin da su ke riƙe da shi. Amma ba duk malamanmu suka bi shi ba. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya ce da wuya al'umma ta sauya littafin da ta ke bauta wa Allah da shi da gangan, ya karkata ga cewa sauyin a fassarar ma'ana ya ke. A Alƙahira kuma Albiƙa'i, wanda ya rasu a 1480, ya riƙa ɗauko maganganu daga Attaura da Linjila yana sawa cikin tafsirinsa, har rigima ta tashi tsakaninsa da waɗansu malaman zamaninsa.

A ƙarni na 12 wani malamin Yahudu, Ibrahim ibn Ezra, shi ma ɗan Andalus, ya lura da wurin da Farawa ta ce a wancan lokaci Kan'aniyawa suna cikin ƙasar, kamar dai mai rubutun ya zo ne bayan sun gushe. Ya yi ishara ya ja bakinsa. Wanda ya fito fili shi ne Spinoza, Bayahude ɗan ƙasar Holan, wanda jama'arsa suka kora daga majami'a a 1656. A 1670 ya buga littafi ya ce an haɗa littattafan nan bayan Musa da daɗewa, kuma ya fi zaton Uzairu ne ya haɗa su. Ka ga ya faɗo kusa da inda Ibn Hazmi ya tsaya shekara 600 kafinsa.

A 1753 wani likitan Sarkin Faransa, Jean Astruc, ya lura Farawa tana kiran Allah da suna biyu, wani sashe da wannan, wani da wancan, kuma labari ɗaya ya kan zo sau biyu, kamar labarin halitta. Shi nufinsa ya kare Annabi Musa ne, ya ce Musa ya tarar da tsofaffin takardu ya haɗa. Amma waɗanda suka biyo baya suka ɗauki hanyarsa suka wuce inda ya tsaya. A 1878 Julius Wellhausen na Jamus ya ce tushe huɗu aka saƙa wuri ɗaya, kowanne da zamaninsa. Wannan ƙauli ya yi wajen shekara ɗari yana mulki a jami'o'in Turai. Tun daga wajen 1970 masana suka rarrabu a kan yawan tushen da lokutansu, amma galibinsu sun tafi a kan hannu da yawa ne suka yi aikin, kuma ya kammala zamanin da Farisa ke mulkin Ƙudus. Yahudu masu riƙo da gadon iyayensu kuwa suna nan a kan Annabi Musa ne.

Shaidar takarda fa? Cikakken kwafe mafi tsufa na littattafan Yahudu da Ibrananci an rubuta shi a Alƙahira wajen 1008. Ya biyo hannun waɗansu malamai na Ɗabariyya waɗanda suka sa wasula, suka ƙidaya kalmomi da haruffa don kada ɗaya ya ɓace, kamar yadda gwanayenmu ke sanin sau nawa kalma ta zo cikin Alƙur'ani. A 1947 makiyaya suka faɗa kan waɗansu tuluna a kogon dutse kusa da Tekun Gishiri. Kafin 1956 an sami kogo 11 masu fatun rubutu, waɗansu tun na ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. A cikinsu akwai littafin Ishaya cikakke, wanda ya girmi kwafen Alƙahira da shekara fiye da dubu. Da aka gwada su sai aka ga abu biyu. Na ɗaya, masu kwafa sun riƙe amana ƙwarai, gama galibin bambancin na rubutun kalmomi ne da ƙananan lafuzza. Na biyu, a wancan zamani littattafan suna yawo da siga fiye da ɗaya, waɗansu fatun sun dace da na Girkanci, waɗansu da na Samariyawa. Abin da ya girmi waɗannan fatu ɗan kaɗan ne: waɗansu layu biyu na azurfa da aka tono kusa da Ƙudus a 1979, na wajen shekara ta 600 kafin haihuwar Annabi Isa, masu ɗauke da wata addu'a irin wadda ke cikin Ƙidaya. Daga nan zuwa zamanin Annabi Musa akwai ɗaruruwan shekaru waɗanda ba a sami kwafensu ba.

Alƙur'ani

Gardama a kan asalin Alƙur'ani ta fara tun yana sauka, tsakanin 610 da 632. Ƙuraishawa suka ce tatsuniyoyin mutanen dā ne, suka kuma ce wani mutum ne ke koya wa Annabi Muhammadu, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Alƙur'ani da kansa ya ambaci waɗannan zarge-zarge. A cikin Suratun Nahli ya amsa da cewa mutumin da su ke nufi harshensa baƙo ne, wannan kuwa Larabci ne bayyananne.

Yadda aka tara shi kuwa, Buhari ya ruwaito. Bayan yaƙin Yamama, inda mahaddata da yawa suka yi shahada, Sayyidina Umaru ya ba Sayyidina Abubakar shawara a tara shi wuri ɗaya. Aka sa Zaidu ɗan Sabitu, ya tattaro daga rassan dabino da fararen duwatsu da ƙirazan mutane. Takardun suka zauna wurin Abubakar, sa'an nan Umaru, sa'an nan Nana Hafsatu. Wajen shekarar 650 Huzaifa ya komo daga yaƙin Armeniya ya gaya wa Sayyidina Usmanu mayaƙan Sham da na Iraƙi suna saɓa wa juna a karatu. Usmanu ya karɓo takardun Hafsatu, ya sa Zaidu da Ƙuraishawa uku suka kwafa, ya aika wa manyan birane, ya yi umurni a ƙone sauran. Malamanmu ba su ɓoye cewa Abdullahi ɗan Mas'udu bai ji daɗin wannan ba, har ɗan Abu Dawuda ya wallafa littafi guda a kan bambancin mus'hafan sahabbai.

Shekara uku bayan su Lander sun bar Yawuri, watau a 1833, wani saurayin malamin Yahudu a Jamus, Abraham Geiger, ya buga littafi yana cewa labaran annabawa da ke cikin Alƙur'ani daga Yahudu aka samo su. Ya kawo misalai. Labarin Annabi Ibrahim da karya gumaka da jefa shi wuta babu shi a Farawa, amma yana cikin wani tafsirin Yahudu da ya riga Musulunci. Amsar Musulmi ita ce kamar ba abin mamaki ba ce, tun da Mai aikowa ɗaya ne. Sun kuma nuna wuraren da labaran suka rabu: a Fitowa Haruna ne ya ƙera maraƙin zinariya, a Alƙur'ani kuwa Samiri ne. Daga baya masana suka gano wani daga littattafan da Geiger ya dogara gare su bayan Musulunci aka wallafa shi, har ya sa wa matan Annabi Isma'ilu suna A'isha da Faɗimatu. A yau da yawa daga masanan Turai sun bar lissafin aro, suna duban yadda Alƙur'ani ke magana da mutanen da suka riga suka san labaran nan, yana gaskata wani, yana gyara wani.

A 1977 wani malamin jami'ar Landan, John Wansbrough, ya zo da ƙauli mafi nisa. Ya ce Alƙur'ani bai tsaya a kan siga ɗaya ba sai wajen shekara 200 bayan Hijira. A nan ne fatu suka yi magana. A 1972, ana gyaran babban masallacin Sana'a a Yaman, ma'aikata suka tarar da dubban warƙoƙi na tsofaffin mus'hafai a cikin rufi. Masana kuwa suna da hanyar auna shekarun fata. Kowane mai rai yana shan wani sinadari ta iska da abinci, in ya mutu sinadarin ya riƙa raguwa bisa ƙa'ida sananniya, in an auna abin da ya rage sai a san lokacin da aka yanka dabbar. Akwai wani mus'hafi a cikin na Sana'a wanda aka wanke rubutunsa na farko aka sake wani a kai. Awon da aka bayyana a 2010 ya nuna fatarsa ta riga shekarar 671. Rubutun sama irin na Usmanu ne. Na ƙasa kuwa ya saɓa a waɗansu kalmomi da jerin surori, irin saɓanin da malamanmu suka ruwaito daga mus'hafan sahabbai. A 2015 kuma jami'ar Birmingham ta Ingila ta bayyana awon warƙa biyu masu sassan surorin Kahfi da Maryam da Ɗa Ha, awon ya faɗa tsakanin 568 da 645. Ga kuma ayoyin da aka rubuta a jikin Ƙubbar Dutse a Ƙudus a shekara ta 72 bayan Hijira.

A lura, awon nan na fata ne, tawada tana iya zuwa bayansa da 'yan shekaru. Duk da haka ƙaulin shekara 200 ya faɗi. Akwai kaɗan da har yanzu ke cewa sai zamanin Halifa Abdulmalik, wanda ya hau a 685, aka kammala tsayar da shi. Amma galibin masanan tsofaffin mus'hafai, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, sun yarda cewa kusan duk kwafen da ke hannu daga uwa ɗaya suka fito, ta tsakiyar ƙarni na 7.

Wani zai ce, to, me ya sa Alƙur'anin rubutun hannu da kakana ya bari ya saɓa da na ɗab'i a waɗansu wasula? Wannan saɓanin ƙira'a ne, sananne ne, kuma kowace ƙira'a tana da isnadinta. Ƙasar Hausa da Barno sun gāji ruwayar Warshu daga Nafi'u na Madina. Wanda aka buga a Alƙahira a 1924, wanda ya cika duniya, ruwayar Hafsu ce daga Asimu na Kufa. Ibn Mujahid na Bagadaza, wanda ya rasu a 936, shi ya tara ƙira'o'i bakwai cikin littafi ɗaya, waɗannan biyu suna ciki.

Abin da fata ba ta iya faɗi

Mai karatu zai ga tambaya biyu ce a ke cakuɗawa a wannan gardama. Ta farko, maganar daga wa ta fito? Ta biyu, ta hannun su wa ta iso gare mu? Ta biyu tambayar tarihi ce, ana amsa ta da fata da tawada da sunayen maruwaita, kuma Musulmi da Bayahude da wanda ba shi da addini suna iya zama tabarma ɗaya su duba shaidar. A nan tarihin littattafan biyu ya bambanta. Tsakanin Annabi Musa da fatun Tekun Gishiri akwai wajen shekara dubu. Tsakanin wafatin Annabi Muhammadu da mus'hafan farko kuwa 'yan shekaru ne, waɗanda ba su kai ran mutum ɗaya ba.

Ta farko kuwa babu ma'aunin da zai amsa ta. Awon Birmingham ya faɗi lokacin da aka yanka dabba, bai ce komai ba a kan saukar Mala'ika Jibrilu. Ni na yi imani Alƙur'ani maganar Allah ce, Baturen da ya auna fatar yana iya ƙin yarda, kuma mu duka mun yarda da abin da awon ya nuna. Wanda ya ce maka kimiyya ta tabbatar da wahayi, da wanda ya ce maka ta rushe shi, duk sun ɗora mata kayan da ba nata ba. Haka kuma Bayahude mai riƙo da Attaurarsa yana da nasa imanin, kuma amanar da kakanninsa suka riƙe wajen kwafa ta isa a yaba. Zagi ba ya ƙara wa hujja nauyi.

Malaman ƙasarmu sun san wannan hanya tun kafin zuwan Turawa. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ya gama babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili a 1816, ya rubuta wani littafi daban, Ida'un Nusuhi, inda ya jera malaman da ya yi karatu wurinsu da littafin da ya ɗauka daga kowanne. A tsangaya ma almajiri ba ya wanke allonsa sai gwani ya duba a wurin darasu, ya gyara ko ɗigo ɗaya ne. Game da labaran da suka shigo tafsiri ta bakin irin su Ka'abul Ahbar da Wahabu ɗan Munabbihi, waɗanda a ke kira Isra'iliyyat, Ibn Kasir ya kasa su uku: wanda littafinmu ya gaskata, da wanda ya ƙaryata, da wanda ya yi shiru a kansa. Na ukun ba a gaskata shi, ba a ƙaryata shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa bai ji tsoron sanin abin da ke wurin waɗansu ba. Da Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, Bello ya tambaye shi a kan ƙungiyoyin Nasara na dā, har baƙon ya amsa cewa iliminsa bai kai nan ba.

Saboda haka, ɗan'uwa mai karatu, ko kana Yelwa ko Shanga ko bakin tafki, in an miƙo maka takarda, ko an turo maka magana ta waya, aka ce ga asirin da aka ɓoye game da littafin wane, kada ka firgita, kada kuma ka yi saurin yaɗawa. Tambayi wanda ya rubuta, da shekarar, da inda fatar ko kwafen ya ke a ajiye. Sa'an nan ka duba ko a kan tarihi ya ke magana ko a kan imani. Mutumin Busa ya yi shekara 24 yana tattalin littafin da bai san abin da ke ciki ba, shi kam yana da uzuri, gama ba a koya masa karatun ba. Kai an koya maka. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.